Ku Bar Mana Olonka, Ku Riƙe Mana Asibiti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafinku na wasiƙu. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Kumasi ta ƙasar Ghana, haifaffen Aboabo, shekarata 63. Masara nake sarowa daga Ejura da Techiman, wata shekarar har Tumu can bakin iyakar Burkina, in haɗa da wake da gero. Bokona a midil ya tsaya, amma da yake na fi sauran iya riƙe biro, ni aka ɗora wa rubutun ƙungiyarmu. Shi ya sa kowa a unguwa Sakatare yake kirana, har matata in ta so tsokana.

Makon jiya aka yi sunan jikata. An shafa fatiha, an raba goro, baƙi sun watse, saura 'yan gida da maƙwabta a ƙarƙashin rumfa ana jiran waakye, wato shinkafa da wake, ya nuna, sai gardama ta ɓarke tsakanin mutum biyu da ba na iya juya wa ɗayansu baya. Ɗaya aminina ne tun muna makarantar allo, tsohon direban trotro, wato ƙaramar motar haya. Ɗayan ɗan ƙanwata ne, ya gama jami'a, tattalin arziki ya karanta, yanzu yana aiki a wani banki a Adum.

Aminina ne ya tono maganar. Ya ce, "Sakatare, ku 'yan kasuwa ba ku da tsoron Allah. Dala ta hau kun ƙara kuɗi, dala ta sauko kun yi kunnen uwar shegu. Direbobi an sa sun rage kuɗin mota kashi 15, ku wa ya taɓa ku? Wallahi da ni ne gwamnati kwantirol ɗin farashi zan dawo da shi, in zuba soja a kasuwar Kejetia kamar zamanin mulkin soja na Rawlings, kwana uku kowa ya shiga taitayinsa."

Yaron ya yi murmushi irin na 'yan boko, ya juyo wurina. "Kawu, ka ji irin tunanin da ya hana ƙasar nan gaba. Gwamnati ba ta da abin yi a kasuwa. Ni da za a bi tawa, har inshorar lafiya da sakandare kyauta da kuɗin da ake raba wa tsofaffi a soke, a rage haraji, kowa ya riƙe kuɗinsa ya sayi abin da yake so. Tallafi lalaci yake koya wa mutane."

Duk suka zuba mini ido. Na ce a kawo abinci. Mai suna ba ya raba gardama a gidansa, kuma amsar da nake da ita ta fi ƙarfin zaman rumfa. Ita ce nake rubuto maka.

Da aminina zan fara, don shi ya fi ba ni mamaki. Yaro bai gani ba, shi kuwa da idonsa ya gani.

Zamanin mulkin soja na Acheampong gwamnati ce ke yanka kuɗin sukari da madarar gwangwani da sabulu da kifin gwangwani da atamfa. A wannan kuɗin kuwa ba a samun kaya sai da wata 'yar takarda da ake kira cit, ita kuma cit ba ta zuwa hannun kowa sai mai uwa a gindin murhu. Wanda ya samu takardar ko kwali ɗaya ba ya ɗagawa. A tsaye yake sayar da ita, mai saye ya sayar wa wani, kafin kaya su iso teburin mahaifiyata a babbar kasuwa sun bi hannu huɗu ko biyar, kowane hannu ya lashi nasa. Shi ne kalabule. Wasu ma na cewa daga bakinmu Hausawa kalmar ta fito, in kuwa haka ne ba abin alfahari ba ne. Inna ce ta ƙarshe a layin, ita ce mai ƙaramar riba, kuma ita ce ake gani.

A 1979, bayan juyin mulkin 4 ga Yuni, ina ɗan shekara 17 ina taya ta zaman tebur. Wata safiya soja uku suka tsaya a kanmu, ɗayan bai girme ni sosai ba. Ya janye kujerar Inna ya zauna, ya ciro takarda ya karanta farashin kwantirol da ƙarfi, ya ce jama'a su yi layi. Suka kuwa yi. Ba bindigar ce ta zauna mini a rai ba, fuskokin masu layin ne. Akwai wata mata da Inna ke bai wa bashi har wata ya mutu, ta karɓi madara gwangwani 2, ta ajiye kuɗi, ba ta ɗaga kai ba. Kafin azahar tebur ya zama fili. Sojan ya tattara kuɗin ya miƙa wa Inna da hannu biyu, wai ta shaida bai ci mata ko fesuwa ɗaya ba. Da daddare ta kwance bakin zane ta ƙirga a gaban fitila, ba su isa mayar da kashi ɗaya cikin uku na kayan ba. Duk da haka ta yi hamdala, don ta tsira da fatar bayanta. Wasu mata an kwantar da su an zane su a bainar jama'a, a Akra kuwa, Ankara in ji iyayenmu, kasuwar Makola aka rushe ɗungurungum cikin watan Agusta.

To, me ya biyo baya? Farashi na nan a rubuce, kaya ne suka yi layar zana. Mai sukari ya tura shi ƙarƙashin gado, sai dare ya raba a ƙwanƙwasa masa taga. Manomi ya ga abin da za a ba shi bai biya guminsa ba, ya noma ta cikinsa kawai. Manoman koko na bakin iyaka suka riƙa hayewa da shi Kwaddibuwa ta daji. Da fari da gobarar daji suka zo a 1983, ga kuma 'yan ƙasa wajen miliyan 1 da aka koro daga Najeriya, aka duba rumbu ba komai. Mun yi layin dokunu ɗanye, wato tuwon ƙullun masara da ake naɗewa a ganye, ka biya ka kai gida ka dafa da kanka, don in ka jira ya dahu wani ya riga ka. Ƙasusuwan wuyan mutane suka fito zako-zako har aka sa musu suna sarƙar Rawlings. Aminina yana cikin masu sarƙar, ina da hotonsa in ya musa. Shi kansa Rawlings, da ya fi kowa zafi a kan kalabule, cikin wannan shekara ya juya ya kama hannun IMF da Bankin Duniya, aka fara sakin farashi. Kaya suka dawo kasuwa da tsada, amma dai sun dawo.

Malamanmu ma sun karantar da mu cewa an taɓa tsada a Madina, mutane suka roƙi Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yanka musu farashi, ya ƙi, ya ce Allah ne mai sa farashi. Kuma shi ne ya ce ba mai ɓoye abinci sai mai zunubi. Masu son kwantirol na biyun kaɗai suke tunawa, mu 'yan kasuwa kuma na farkon muke haddacewa.

Batun dala kuwa, ba zan wanke mu tas ba. Gaskiya ne a 2025 ta sauko daga sama da sidi 15 zuwa kusa da 10 cikin 'yan makonni, kuma gaskiya ne akwai waɗanda haɗama ce kawai ta hana su ragi. Amma mai shago da ya cika sito lokacin tana 15, in ya sayar da lissafin 10 jarinsa ya ci. Ga kuma tsoro, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. A namu ɓangaren babu wanda ya turo soja, amma masara ta faɗi warwas da kanta. A watan Agustan 2024, da ruwa ya ɗauke a arewa, gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya zuwa ƙetare. Kowa ya ce yunwa na tafe, kowa ya saya ya ajiye, har da ni. Sai damina ta yi kyau, sabuwa ta fito ta tarar da tsohuwa a sito, dillalan Burkina da na saba gani ban sake ganin ƙeyarsu ba. Buhu 200 na ajiye. Na sayi magani saboda ƙwari, na biya hayar sito, daga ƙarshe na sayar ƙasa da yadda na saro. Ba wanda ya zane ni, amma ladabin da kasuwa ta koya mini ya fi na bulala shiga jiki. Manoma kuma yanzu su ke kuka suna neman gwamnati ta zo ta saya.

In aminina na neman wanda ya cinye masa fansho da ɗan abin da ya tara, ba a Kejetia yake ba. Ya tuna 2022. Shekarar ta fara dala na sidi 6 da 'yan kai, kafin Nuwamba ta haura 14. A Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1. Ministan kuɗi na lokacin, Ken Ofori-Atta, da bakinsa ya ce biyan bashi na cinye fiye da rabin abin da gwamnati ke samu. Aka ci bashi aka kashe, da lokacin biya ya yi aka sake komawa IMF, karo na 17, neman dala biliyan 3. Tsofaffin ma'aikata da suka ba gwamnati rancen kuɗin sallamarsu suka riƙa zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a farkon 2023, har da tsohuwar babbar jojin ƙasa a cikinsu. Ni kuwa shekara 6 ina zubin susu, irin adashinmu, don aikin Hajji. A 2022 kujera sidi 39,000 ce, saura kaɗan in cika, na ce bari in haƙura sai baɗi. Baɗi ta zo kujera ta koma 75,000. Ba ɓarawon da ya shiga ɗakina, ba mai karɓar haraji da ya ba ni rasit, amma rabin kujerata ta tafi. Wannan shi ne harajin da ya fi kowane cin talaka, don mai kuɗi a dala yake ajiya ko a fili, mai koko da ƙosai kuwa a gwangwani take ajiya.

Yanzu kuma ga ɗana, ɗan ƙanwar tawa. Abin da zan faɗa ban taɓa gaya masa ba, sai da na nemi iznin mahaifiyarsa kafin in rubuta.

Sakin farashin nan da na yaba, ba shi kaɗai ya zo ba. Tare da shi aka sallami dubban ma'aikata, tare da shi aka sa kuɗi a asibiti, har aka kai ga tsarin nan na biya kafin a taɓa ka. A 1996 ƙanwata ta kwana biyu tana naƙuda a gida, ba don jahilci ba, don mijinta makanike ne a Suame Magazine kuma watan bai yi masa kyau ba. Da jini ya ɓalle muka sa ta a tasi cikin dare. A asibiti aka miƙo mini takarda, safar hannu, ruwan ƙari, zaren ɗinki, allura, jini leda 2, kowanne da kuɗinsa, a sayo kafin a shiga da ita. Na bar ta a kan benci na bi gidajen abokan ciniki ina tashin mutane daga barci. Allah ya sa aka yi aikin, uwa da ɗa suka rayu. Sai ragowar kuɗi. Aka ce ba za ta fita ba sai an cika. Aka sauke ta daga gado saboda wata na buƙata, ta koma tabarma a baranda tare da wasu mata irinta, kowace da jaririnta, kowace na jiran wani ya sayar da wani abu. Kwana 12 ta yi a nan. Ranar suna aka yanka rago a Aboabo, mai jego da jariri suna jingina a asibiti, liman ya raɗa suna ba a ga mai sunan ba. Na sayar da babur ɗina da buhu 30 na masara tun farashi bai nuna ba, wato jarina gaba ɗaya. Shekara uku na yi ina dillanci a gindin motar wasu kafin in sake sayen lodi na kaina.

Jaririn nan shi ne mai cewa a soke inshora.

Ba gori nake yi masa ba, da za a sake, zan sake. Abin da nake so ya gane shi ne, ilimin kasuwa da ya karanta gaskiya ne a kan masara. In tawa ta yi tsada mace ta wuce gaba, ko ta sayi gari, ko ta jira Laraba. Mai naƙuda ba ta da gaba, ba ta da Laraba, ba ta taya ciniki. Na shekara 40 ina kallon yadda mutane ke karyewa a kasuwa, kuma waɗanda rashin iya ciniki ya kayar ba su kai waɗanda ciwo ya kayar ba. Mutum na tsaye da ƙafarsa, sai uwa ta kwanta ko yaro ya yi haɗari, wata shida ka gan shi yana neman na koko. Sai ya cire yara daga makaranta, talaucin ya haye wa jikoki.

Shi ya sa da Shugaba Kufuor ya sa hannu a dokar inshorar lafiya a 2003, ni ba ɗan jam'iyyarsa ba ne amma na yi masa addu'a. A 2008 aka ƙara da haihuwa kyauta. 'Yata, mai jegon sunan makon jiya, ita ma aiki aka yi mata, kati ta nuna, kwana huɗu ta dawo gida da ƙafarta. Mun kashe kuɗi, ba na ƙarya, amma ba a sayar da babur ba.

Sai dai a nan ɗin ma rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Kashi 2.5 ake ɗora mana a kan kayan da muke saya da sunan lafiya, daidai da zakkar dukiya, ɗaya cikin 40. Kowa na biya, har kayayo, wato 'yar dako a kasuwa, in ta sayi sabulu. Amma a 2017 aka yi dokar da ta sa wa irin waɗannan kuɗaɗe rufi, abin da ya haura gwamnati ta juya shi wani aikin. Asibitoci suka yi ta bin bashi wata da watanni, mai kati ya je a duba shi a rubuta masa takarda a ce magani babu, ya je waje ya saya. Ni mai hawan jini ne, na san hanyar kantin magani fiye da ta gidan surukaina. A 2025 aka ce an cire rufin, muna kallo. Wanda ya ga haka ya ce tsarin banza ne a soke shi, na fahimci haushinsa. Ni dai na ga barandar 1996, gyara nake nema.

Kan haraji kuwa, yaron yana da gaskiya fiye da yadda aminina ke zato, sai dai ba ta inda ya nufa ba. Ma'aikata suna cewa mu 'yan kasuwa ba ma biya, su kaɗai ake yanka wa a albashi. Su zo su bi lodi ɗaya daga Tumu. Akwai tikiti inda aka ɗora, akwai tikiti inda aka sauke, akwai kuɗin rumfa, akwai lasisin shekara. Tsakanin nan da can akwai shingaye, kowane shinge da hannu a miƙe, wannan kam ba rasit. Hatsi ba a ɗora masa VAT, wato harajin sayen kaya, amma tayar mota da buhu da katin waya ba su tsira ba, man da motar ke sha kuwa haraji ne bisa haraji. Duk yana komawa cikin olonka, gwangwanin da muke awon hatsi da shi, kuma wadda ke sayen olonka ɗaya ita ke biya. VAT ɗin nan da aka kawo a 1995 a kashi 17.5 aka yi zanga-zangar Kume Preko har aka rasa rayuka, aka janye shi, ya dawo a 1998 a kashi 10. Yanzu ya hau 15, ban da na lafiya da na ilimi da ke goye a bayansa, ga na korona da aka sa a 2021 ya daɗe bayan cutar ta yi sallama. A hankali aka dafa mu.

E-levy kuwa, wato harajin tura kuɗi ta waya, a jikina na ji shi. Kafin Mayun 2022 na daina yawo da kuɗi, manomi a Ejura ya auna, in tura masa ta MoMo, asusun kuɗi na waya, kowa ya kwana lafiya. Da aka ɗora kashi 1.5 sai manoma suka ce a hannu suke so. Na koma ɗaura kuɗi a ciki kamar zamanin kakanninmu fataken goro na hanyar Gwanja, ina tafe ina karanta duk addu'ar da na sani. Gwamnati ba ta samu ko kusa da abin da ta yi lissafi ba, ta rage zuwa kashi 1, a Afrilun 2025 aka soke. Muka yi murna wata uku, sai aka ɗora sidi 1 a kan kowace litar mai don biyan bashin wutar lantarki. Abin da ke ba ni haushi shi ne inda ake miƙa hannu kullum, wurin da ya fi sauƙin kamu. Mai benaye uku a Ahodwo ko East Legon, nawa yake biya a kansu a shekara? Mai haƙar zinariya da ya mayar da kogin Offin kunun kanwa fa? Kashin dankali ke nan, babba a kan ƙarami. Sai a 2017 aka hana karɓar tikiti a hannun kayaye, yaran da ke ɗaukar buhun da ya fi su nauyi. Ka yi tunanin shekara nawa aka yi ana karɓa.

Ni ba na ƙin haraji. Mutumin da ke fitar da zakka ba a koya masa cewa akwai haƙƙin wani a dukiyarsa. Amma mai zakka yana ganin inda ta sauka. A nuna mini kwatar Aboabo an gyara ta yadda ruwan sama ba zai shiga ɗakunan mutane ba, a nuna mini hanyar da motar kashe gobara za ta bi in kasuwa ta kama, don mun ga ta Kejetia a 2023 mun ga ta Adum a watan Maris na 2025, sannan a zo a karɓa, da hannu biyu zan bayar. An kafa asusun raya Zango tun 2017, an yi filayen ƙwallo masu koren kafet, yara na jin daɗi, ban raina ba. Da an tambaye ni, kwata zan ce.

Maganar lalaci kuma, in ji ɗana. Mahaifiyar yaron motarmu tana wani ƙauye a arewa, gwauruwa ce, ido ɗaya ya tafi, tana riƙe da marayu uku. Tana cikin masu karɓar LEAP, shirin gwamnati na raba wa masu rauni kuɗi da aka fara a 2008. Shekaru da yawa mafi ƙarancin abin da ake bayarwa sidi 64 ne duk wata biyu, sai a 2023 aka ninka, aka sake ninkawa a 2024. Na taɓa kwana a gidanta mota ta lalace mana. Ranar da kuɗin ya zo gyaɗa take saya, ta soya, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli, jikarta ta kai bakin makaranta. Da asuba na ji ƙarar turminta tun ban yi alwala ba. Duk wanda ya ce sidi 64 a wata biyu zai sa mutum ya miƙe ƙafa ya daina nema, bai taɓa riƙe gida da shi ba. In ana neman tallafin da ke lalata mutane, a duba takin zamani. An karya kuɗinsa don ƙaramin manomi, ni kuwa a hanyar Tumu na sha gamuwa da buhunansa a kan babura da amalanken jaki sun nufi Burkina da yamma. Cit ce ta dawo da sabon suna. Duk inda gwamnati ta sa wa abu ɗaya farashi biyu, akwai mai tsayawa a tsakiya ya ci bambancin, kuma ba talaka ba ne.

Sakandare kyauta ba zan daɗe a kanta ba. Tun Satumbar 2017 na ga 'ya'yan masu wanki da masu gadi sun shiga makarantun da a da sai dai su wuce ta ƙofa. Na kuma ga yara na zaman gida wata da watanni saboda karatun karɓa-karɓa, na ga iyaye na aika gari da shito, wato soyayyen yaji, don abincin makaranta bai isa ba. Jikokina biyu suna ciki, kuma ni ina iya biyan kuɗin abincinsu. Ban ga dalilin da zai sa harajin sabulun kayayo ya ciyar da jikan mai sito ba. Wannan in na faɗa a majalisa sai a ce in rufa wa kaina asiri.

Saura laifinmu, don laifi tudu ne. Muna cewa a bar kasuwa ta yi halinta, amma tamu kasuwar a sake take? Manomi ya ɗauko masararsa da kansa daga Ejura ya iso Kumasi, ba ya sauke ko buhu ɗaya sai ta hannun ɗan ƙungiya, sai ya biya la'ada, ko ya sayar mana yadda muka ce ko ya koma da kayansa ya biya mota sau biyu. Masu tumatir da masu doya da masu albasa kowa da irin tasa dokar, da sarauniyar kasuwa da ke cewa mota nawa za ta shigo yau. Muna da hujja, ƙungiya ce ke bin bashi in an cuci baƙo, ita ke sasanta rigima, ita ke kai gawa gida in ɗan uwa ya rasu a nan ba shi da kowa. Duk gaskiya ne. Amma littafin yana hannuna, na san sau nawa muka juya mota don kada farashi ya sauka. Kwantirol ne shi ma, sai dai ba kaki.

Na sa maganar a ajandar taronmu na ƙarshen wata, cewa a ware kwana biyu a mako duk manomin da ya kawo kayansa ya sauke ya sayar da kansa, ya biya kuɗin fili kawai. Na gaya wa shugabanmu a masallaci bayan la'asar, ya dube ni ya ce, "Sakatare, hawan jinin ne ya motsa?" Mutum 46 ne masu ƙuri'a. Na ƙirga waɗanda za su ɗaga hannu tare da ni, na samu biyar, ɗaya ma don ina bin sa bashi ne.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani ɗan kasuwar hatsi,
Aboabo, Kumasi.